Sarewar Ƙarfe Mai Kiran Tuwo

Abin da zan faɗa ba a bakin kowa na tsince shi ba. Da kunnena na ji, da ƙafata na taka, akushin da ke cikin zancen kuma ni na ɗauke shi a kaina.

Ni haifaffiyar Kankiya ce. Aka kai ni aure wata 'yar unguwa tsakanin Kusada da Boko, ana saura kaɗan Turawa su tattara nasu ya nasu. Unguwar rabi Haɓe rabi Fulani, irin Fulanin da suka daɗe da zama har garma ta saba da hannunsu. Maigidana cikinsu yake. Ban taɓa kama sunanshi ba yana raye, ba kuwa yau zan fara ba da ƙasa ta rufe mashi ido. Malam nake ce mashi. Shi kuma in yana cikin nishaɗi, ya ce mani 'yar Haɓe.

Malam manomi ne kamar kowa, da 'yan shanunshi a bayan gida. Amma abin da aka san shi da shi busa ce. Sarewa.

To, ku saurara ku ji yadda take a wurinmu. In an kira gayya, maza suka haɗu don su nome gonar mutum guda a wuni guda, makaɗi na gaba da ganga yana zuga hannuwa. Ganga ta maza ce. Sarewa kuwa tamu ce, mu mata. Gonakinmu na can bayan fadama, in ka tsaya ƙofar gida kana hango kan wata kuka da ke bakinsu, amma ba ka ganin mutum. Ganga tun safe take faɗa, har kunne ya saba ya daina jinta. Sai mai gayya ya ga kunyoyi sun kusa ƙarewa, sannan ya ɗaga wa mai busa hannu. Mai busa ya hau wani suri da ke gindin kukar, ya busa wani take da muke ce wa "a kawo". Da jin shi sai mu kwashe tuwo, mu aza gammo, mu kama hanya. Muna isa ana saran kunyar ƙarshe, tuwo na tururi. In muka yi sammako, maza su hango akushi hannuwansu su mutu, aiki ya kwana. In muka makara, yunwa ta kwantar da mutane, kunya ta kama mai gayya. Haka muka tarar, haka muka yi.

Da karan dawa Malam yake yin sarewarshi, kuma ba kowane kara ba. Akwai wata dawa da aka gada kaka da kakanni, doguwa, in ta samu ruwa mai raƙumi ba ya hango abin da ke bayanta, karanta ya kusa kaurin muciya. Bayan girbi sai ya bi gona yana ƙwanƙwasa kara da farce yana kasa kunne, kamar mace na zaɓen tukunya. Wuni guda ya dawo da uku ko huɗu. Ya soke su a rufin madafa su sha hayaƙi, sannan ya gasa tsinken ƙarfe ya ƙone totuwar ciki, ya huda ƙofofi huɗu. In ya kara ta a gefen baki ya lumshe ido, muryar da ke fitowa ba ta tashi sama. Ƙasa take bi. Kamar saniya na kiran ɗan maraƙinta daga nesa, ba gaggawa, ba tsawa, amma ko kana daka sai ka ji ta a ƙirji.

Ni dai ban taɓa ganin mutum mai natsuwa da abin hannunshi kamar Malam ba. Mutum ne mai saurin fushi, in jaki ya ƙi tafiya unguwa duka sai ta sani. Amma da ya ɗauki sarewa sai ya zama wani.

Ana nan, ana nan, sai shekarun fari suka zo. Ba zan tsaya kansu ba, wanda ya gani ba ya son tuni. Abin da ya shafi zancena shi ne mun cinye iri. Doguwar dawar nan har ƙwayar ƙarshe ta shiga tukunya, kuma ba mu kaɗai ba, duk ƙasar. Da Allah ya dawo da ruwa, irin da aka samo wata gajeruwa ce mai saurin nuna. Ta cika rumbu, mun gode Allah. Amma karanta kamar yatsa. Malam ya yi sarewa da shi, ya busa, sai ka ce ɗan tsako ya ɓace wa uwarshi. Ya karya ya jefa a murhu.

Tsohuwar sarewa guda ta rage mashi. Ya yi ta jinyarta damina biyu, nan ya naɗe da zare, nan ya liƙe da ƙaro. Rannan ya ɗauko ta, ta tsage tun daga baki har gindi.

Lokacin kuwa ƙasa ta fara jin ƙanshin kuɗin mai. Motoci sun yawaita, rediyo ya shigo har ɗakin mata, kwano ya fara korar ƙwarya, komai na komawa ƙarfe. Ranar kasuwar Kankiya Malam ya hau keke, da la'asar ya dawo yana murmushi. Ya zaro wata sarewa daga aljihun riga. Wai wurin wani ɗan koli ya same ta, da bututun famfon keke aka yi ta. Fara tas, tana ɗaukar ido. Ya tsaya tsakar gida ya busa. Wallahi ta yi daɗi. Murya garau, kamar ruwa na zuba cikin tasa. Na ce Allah ya sa albarka. Ya ce, "Kin gani, 'yar Haɓe? Wannan ko gara ba ta ci, ko jikokinmu sai sun gaje ta."

Gayyar farko ta daminar ta Baffa ce, ƙanen mahaifin Malam, wanda shi ne babba a unguwar. Noman firi za a yi mashi, wato noman farko. Muka taru gidanshi, mata kusan goma, aka tuƙa tuwo, aka kaɗa miyar kuka, aka dama fura. Rana ta take tsaka, muka zauna muna jira. Inuwa ta fara karkata, shiru. Matar Baffa, tsohuwa ce mai baki, ta ce, "Ke, ko mijin naki barci ya ɗauke shi kan surin?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma kunnena na can fadama. Tuwo ya huce a tukunya, ya fara yin ɓawo.

Can sai ga ɗan Baffa, wanda ya yi aikin soja ya dawo gida bayan yaƙi, ya faɗo gidan yana haki, laka har gwiwa.

"Ku kurame ne? Tun ɗazu Yaya ke busa har jijiyar wuyanshi ta tashi!"

Matar Baffa ta ce, "Kai, rufe mamu baki. Kunnuwa ashirin ne nan, ko sauro ba mu ji ba."

Muka kwasa da gudu. Da muka isa, maza na kwance gindin kuka kamar an zubar da itace, wasu ma sun saɓa garma sun tafi gida. Wani ya ce, "Malam, sarewar dai ta yi kyau. A kai wa amarya ta riƙa duba fuska." Wani ya ce a'a, a mayar wa keke kayanshi. Malam na tsaye, ƙarfen na hannunshi.

Baffa bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Sai da aka gama ci ya wanke hannu, ya ce, "Ɗana, ban ce ka yi laifi ba, zamani ne. Maimai na nan tafe nan da sati biyu, kuma ba zan sake jin kunyar mutane ba. In ƙarfen nan ya gagara, ga ƙanenka da usur ɗinshi na soja. Shi ba ya neman gwaninta, ko akuya ta hura sai an ji."

Kun ji abin da ke ƙasa. In usur ya hau surin nan sau ɗaya, shi ke nan, sarewa ta sauka har abada, Malam kuma ya zama mutumin da a da yake busa.

Washegari da hantsi na same shi zaune bakin turke, bai tafi gona ba. Yana ta juya sarewar yana cewa iska ce, iska ce ta juyo da muryar yamma.

Na durƙusa na ce, "Malam, in yi magana?"

Ya ce, "Yau kuma izini ake nema?"

Na ce, "Ba iska ba ce. Zanen da na shanya jiya ko motsi bai yi ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Ke kin san busa ne?"

Na ce, "Ban san busa ba. Amma kai ma ba ka san ji ba."

Sai da maganar ta fita na ji tsoronta. Amma tunda an riga an jiƙe, sai na ƙarasa wankan. Na ce, "Shekara nawa muna tare, kai kana bakin sarewa, ni ina can inda take faɗuwa. Ka taɓa jin busarka daga gida, ko sau ɗaya? Abin da kake ji a cikin kanka yake zagayawa. Abin da ke ƙetaro fadama ya zo mamu, wannan ni na san shi, ba kai ba. Ka zaɓi sarewa a rumfar kasuwa, kunnenka na manne da ita. Ai ba kai ake kira da ita ba."

Saniya ta miƙo baki tana lasar gwiwarshi, bai ma kore ta ba. Daga nan ya ce, "Jibi kasuwa. Ki shirya ki je ki gaida su Inna."

Wannan shi ne Malam. Ba zai ce kin yi gaskiya ba, amma ƙafarshi za ta faɗa.

A Kankiya akwai wani tsohon maƙeri, maƙwabcin gidanmu, a gabanshi na girma. Bayan na gaida iyayena, muka nufi maƙerarshi, na tsaya daga bakin rumfa. Yana ganin Malam ya ajiye guduma.

"A'a! Bafillace a maƙera? Lafiya? Ko sandar kiwon ce ta karye a zo a yi mata ɗori?"

Malam ya ce, "Baba, da sanda ce ai da ban kawo wa mai baƙin hannu ba, sai ya ɓata mani ita."

"Baƙin hannun nan shi ya ƙera garmar da ta hana ka bin bayan saniya har Barno. Ɗiyata, shigo daga inuwa. Har yanzu kina haƙuri da wannan?"

Malam ya miƙa mashi sarewar famfo, ya ba shi labari a taƙaice. Tsohon ya ɗalle ta da farce, ta ce tal. Ya taɓe baki. "Wannan ai gwangwani ce. Jiki siriri, ciki gajere. Amarya ce, a ɗaki take da kyau, ba ta zuwa gona. Murya mai kauri abu uku take so: tsawo, da faɗin ciki, da nama a jikin ƙarfen. Wa ya zaɓa maka?"

"Ni."

"To ai shi ya sa."

Ya shiga tarin ƙarafanshi yana tonawa, ya fito da bututu wajen shida. Ya riƙa rataya kowane da zare yana bugawa da ƙusa, kuma ba Malam yake kallo ba, ni yake kallo. Wani ya ce ƙyal ya mutu nan take. Wani ya yi ƙara mai tsini. Biyu ne suka yi gunji suka daɗe suna yi, su na nuna da haɓa. Ɗaya sandar gadon ƙarfe ce, irin wadda ake ɗaura gidan sauro, da sauran koren fenti a jikinta. Ɗayan guntun bututun ruwa ne, ya fi kamu ɗaya da rabi, mai nauyi, launin toka, ba abin sha'awa a jikinshi ko kaɗan.

Abin da ya yi bayan nan ya tsaya mani a rai. Bai auna da komai ba. Ya jiƙa garin gawayi a kasko, ya sa Malam ya tsoma kan yatsu, ya ce, "Rufe ido. Riƙe ta yadda kake riƙe tsohuwar." Malam ya rufe ido, yatsun suka tafi da kansu suka zauna inda suka saba zama. Inda baƙin ya fito a jikin kowace, nan tsohon ya huda, ya ɗan matsa da ta ƙasan don tsawon bututun. Ya ce hannun da ya shekara ashirin yana abu ya fi mai shi sani. Sannan ya goge bakin kowace da magagari, ya bi da dutse, yana shafawa a leɓenshi har sai da ya ji ba kaifi.

Malam ya gwada ta gadon, ta amsa nan da nan, fuskarshi ta saki. Ya ɗauki ta bututun ruwan, wadda ta fi tsawo, ya hura, sai iska kawai, fuuu. Ya ƙara ƙarfi, ta yi wani ihu kamar an taka kare. Ya ce, "Baba, wannan ai taɓarya ce, a ba 'yar Haɓe ta yi daka."

Tsohon ya ce, "Ba a yi mata tsawa. Ɗauki duka ka kai gona, wadda ta faɗi ka dawo mani da ita in yi marfin wani abu. Ɗiyata, yaya za ki gwada su?"

Ban shirya amsa ba, ita ta zo da kanta. Na ce, "Ya tafi da su ukun a buhu, kada ya faɗa mani wadda zai busa. Kullum rana ta take tsaka ya hau surin. In na ji kira in kawo tuwo. In ban ji ba, ina gida."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Bafillace, ka shiga uku! Ka riƙa cika ciki da safe."

Rana ta farko na tuƙa tuwo, na rufe akushi, na zauna bakin ƙofa. Kurciya na ji, da wata mata tana kiran awakinta. Ba busa. Da la'asar ya dawo, ya ci tuwon da sanyinshi. Sai da ya side hannu ya ce, "Ta famfon ce. Na ce ko dai iskar ce." Ya ajiye ta kan katanga, bai ƙara komawa kanta ba.

Rana ta biyu na ji. Ta ƙetaro fadama sarai, taken "a kawo" ne ba shakka. Na aza gammo, na ɗauki akushi, har na kai ƙofar zaure. A nan na tsaya. Muryar na da wani tsini a ƙarshenta da ke cizon kunne, kamar baƙo ya tsaya bayan danga yana kwaɗa sallama da sunan da ba naka ba. Na tuna mutum na can tun asuba yana fama da ciyawa, ba komai a cikinshi sai kunun safe. Ƙafata guda na waje, guda na ciki. Allah ya sani ranar nan na fi shi jin yunwar. Na koma na sauke akushin.

Ya shigo da la'asar, fuska a murtuke. "Yau ma ba ki ji ba?"

"Na ji."

"Kin ji! Kin ji kika bar ni ina haɗiyar miyau kamar mai azumin ramuwa?"

"Na ji ana busa, Malam. Ban ji ana kirana ba."

Ya jefar da garma. "Ke, Baffa tuwo yake so ya iso kan lokaci, ba zaƙin murya ya tambaya ba. Ta gadon nan ta isa."

Na ce, "In don a ji ne kawai, ai usur ma ana jin shi, har ya fi ta. To me zai hana a ba soja?"

Ya zauna ya jawo akushi.

Rana ta uku ba abin da ya iso sai wani ƙugi sau biyu, kamar ƙofar kwano a iska. Ya dawo da leɓe a kumbure. Ashe ya yar da doguwar a rana tun safe kamar yadda yake yar da ta kara, ya manta ƙarfe ba kara ba ne. Yana kai ta baki ta ƙone shi. Ya ce, "Taɓaryar taki ta ƙi. Na hura har na ga taurari da rana." Na shafa mashi man shanu. Na yage gefen wani tsohon zane na ɗinka mata kube, na ce ya riƙa jiƙa shi yana ajiye ta cikin kogon kuka. Ya karɓa yana gunaguni, wai yanzu kuma ƙarfe ake wa sutura.

Rana ta huɗu shiru. Ta biyar shiru. Ya rame a idona. Matar Baffa ta leƙo ta katanga ta ce, "Yarinya, kashe mamu ɗa za ki yi? An ce kin sa mashi takunkumi." Na ce, "Inna, shi ya yarda." Ta ce, "Uhm. Na ga yarda." Soja kuwa har ya fara goge usur ɗinshi da toka yana ratayawa a wuya. Ni kaina na fara cewa ko in haƙura da ta gadon, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Rana ta shida ina tankaɗe a tsakar gida, ban ma zauna jira ba don zuciyata ta karaya. Rana ta ɗan gota. Sai na ji hannuna ya tsaya da kanshi. Ban san na ji wani abu ba tukuna, ƙirjina ne ya riga kunnena. Can ƙasa-ƙasa take tahowa, ta bi ta fadama, ta bi ta ƙarƙashin danga, ta shigo gidan kamar mai gida. Ba gaggawa, ba tsawa. Saniyar da ke turke ta ɗaga kai ta daina tuƙa. Ta fi ta karan zurfi ma, da wani sanyi a cikinta kamar ruwan rijiya.

Ban san sa'ad da na aza akushi ba. Garin ma a buɗe na bar shi, kaji suka yi biki.

Na same shi zaune kan surin, ba tsaye ba, doguwar na kan cinyarshi, yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Na sauke, na durƙusa, na ce, "Sannu da aiki, Malam. An kira, an kawo."

Ya ce, "'Yar Haɓe, kin san abin da ya faru? Ƙarfina ne ya ƙare. Kwana uku ina yi mata faɗa tana rama mani. Yau na ce bari in yi sau ɗaya in tafi gida, ba ni da iskar da zan ba ta. Na hura a hankali kamar mai fifita wa jariri kunu. Sai ta buɗe baki."

Na ce, "Ashe yunwa ma malama ce."

Ya ce, "Buɗe akushin, kada ta ƙara mani wani karatun."

Kwanakin da suka rage kullum yana kan surin, kullum ina kai tuwo da zafinshi. Yatsunshi suka saba da nisan ƙofofin, ya koyi inda zai saci numfashi, don doguwar na cin iska ko da a hankali ake ba ta. Wani lokaci in na iso ya tambaye ni yadda ta zo, in ce yau ƙarshen taken ya yanke kafin ya iso, ko in ce yau ta zo da ƙafafunta duka. Ya saurara kamar ɗalibi. Namiji mai zuciya irin tashi, yana tambayar mace yadda busarshi take. Ban taɓa ganin girmanshi kamar a kwanakin nan ba.

Ranar maimai ta zo. Muka sake taruwa gidan Baffa. Soja ya wuce ta ƙofar gida da garma a kafaɗa, usur na walƙiya a ƙirjinshi, ya ce, "Inna, yau ku toshe kunne, in na hura har Kusada sai an kawo tuwo." Matar Baffa ta ce in ya cika baki ita za ta fara kai wa Kusadan, shi ya kwana da yunwa.

Aka tuƙa, aka rufe. Mata na ta hira, ni idona na kan inuwa. Rana ta take tsaka. Wata ta ce, "Yau ma sai la'asar?" Kafin a ba ta amsa, sai ga ta.

Gidan ya yi tsit. Wadda ke riƙe da mara ta tsaya da ita a sama. Matar Baffa ta dafe ƙirji, ta ce, "La'ilaha illallahu. Tsohuwar dawa ta dawo." Na ga idonta ya kawo ruwa, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba ko a shekarun fari. Sannan ta daka mamu tsawa, "To me kuke jira? Ku kwashe!"

Muna fitowa daga fadama ana saran kunyar ƙarshe. Aka buɗe akussa, tururi ya tashi. Baffa ya dubi tuwon, ya dubi Malam, ya dubi ƙarfen nan mai launin toka cikin kuben tsohon zanena. Ya juya wurin ɗanshi ya ce, "Kai, cire abin nan daga wuyanka, ka kai wa 'yan makaranta su yi ƙwallo." Mutumin da ya ce a kai wa amarya madubi ya ce, "Malam, wannan kam ba kyau, amma ta iya sallama." Baffa ya ce, "An ce mani ba shi ya zaɓa ba." Na ja mayafi na rufe fuska. Malam ya ce, "Ni na busa, Baffa. Mai kunnen daban."

Da ita ya yi ta busa har gayya ta fara ja da baya, har gemunshi ya yi fari fat. Ta gadon ya mayar wa tsohon maƙeri. Ta famfon kuwa ni na riƙe, da ita nake hura wuta, kuma a wannan aikin ba ta da laifi.

Abu guda ya tsaya mashi a rai. Yakan ce, "Ni dai in ji ta sau ɗaya daga inda kike ji." Bayan ya tsufa, wata kaka wani makiyayi ya sauka kusa da mu, gwanin busa ne shi ma. Malam ya ba shi doguwar, ya nuna mashi taken, ya ce ya je ya hau surin in rana ta take tsaka. Shi kuma ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, daidai inda nake tankaɗe. Muka zauna. Ta taho ta fadama, ta shigo.

Ya saurara har ta ƙare, idonshi a rufe. Ya ce, "Ashe haka take, 'yar Haɓe?"

Na so in ce mashi e, don ranshi ya yi daɗi. Amma ban yi mashi ƙarya kan sarewa ba a ranar da yake jin yunwa, ba zan fara ba yana ƙoshe.

Na ce, "A'a, Malam. Wannan ƙarfen ne ka ji. Da kai ne, da tuni na aza akushi."